Gurbi Talatin da Biyu

Ƙarfe biyun dare saura a Brno.
Taragon ƙarshe ya wuce ta ƙarƙashin taga,
ya bar sawu biyu baƙaƙe a kan ƙanƙara.
Daga ni sai shayin da ya huce, sai allo,
sai wata na'ura a ɗakin ƙasa
wadda ba ta da sana'a sai zuba shirme:
tana ɗura wa zuciyar kwamfuta haruffa barkatai,
dubu sau dubu, ba gajiya,
ko za ta ga inda ɗinki zai ɓalle.
Yau ta gani.

Ga wurin, layi tara kacal.
An ware gurbi talatin da biyu
don karɓar abin da mutum ya rubuto,
lamba ake jira, ko "kunna", ko "kashe".
Ba wanda ya tambayi tsawon saƙo.
An ce "ga shi", aka ce "zuba".
Tulu ya cika, ruwa bai tsaya ba,
ya malala gidan maƙwabta,
ya wanke adireshin da aiki zai koma,
kwamfuta ta sa ƙafa inda babu ƙasa.

Na duba mai hannun: Bohuslav Kratochvíl,
shekara goma sha ɗaya ke nan.
Shi ya nuna mini inda ake ɓoye makullin ɗakin sanyi
ranar da na kama aiki.
Yanzu zuma yake kiwo a Tišnov.
A lokacinsa wa zai turo harafi dubu huɗu
inda ake jiran biyar?
Ya yarda da mutane, iyakar laifinsa ke nan.

Na ƙara layi biyu:
in tsawo ya wuce talatin da biyu, a kore shi.
Na tura wa Květa, na kashe fitila,
na taka ƙanƙara zuwa gida ina jin kaina.

Da safe ta shigo, rigar sanyinta na ɗiga,
ko safar hannu ba ta cire ba.
Ta juya rasitin gidan burodi,
ta zana akwatuna a bayansa da fensir.
"Ƙirga," in ji ta.
Talatin da biyu, kowanne da harafinsa.
"To, sifilin fa? A ina zai zauna?"

Sifilin ƙarshe, mai ce wa mai karatu tsaya.
In babu shi, sai a zarce,
a karanto abin da ke bayan katanga,
kalmar sirrin wani, ragowar wasiƙar wata,
har sai an yi tuntuɓe da wani sifili can gaba.

"Saura ɗaya," ta ce.
"Kana rage ɗaya daga tsawo
don ka share alamar sabon layi.
In ba a turo komai ba fa?
Babu, a ɗebe ɗaya, ina ka faɗa?"
Baya. Gurbin da ba nawa ba.

Na ji kunnuwana sun yi zafi.
Na zo ɗinke ɓarakar dattijo,
ga tawa allurar ta bar biyu.

"Ya wuce" ya koma "ya kai ko ya wuce".
Saƙon wofi ya samu tasa ƙofa.
Sifili ya samu kujera.
Na'urar ƙasa ta kwana uku tana ɗura,
ba abin da ya motsa.
Sai muka bi sawu, muka tarar
an kwafi layukan nan tara a wuri goma sha huɗu,
har da wanda na kwafa da kaina, bara waccan.

Ran Asabar na hau jirgi zuwa Tišnov.
Bohuslav yana cika kwalabe a rumfa,
hannunsa na ɗan rawa, zuma na sauka a hankali,
kowace kwalba ya bar mata faɗin yatsa ƙarƙashin murfi.
Ya tambaye ni aiki.
Na ce lafiya lau, na sayi biyu.